Cin Rani Domin Neman Harshe: Nazari a kan Ɗan Jigawa da Koyon Italiyanci

Gabatarwa

Barin gida na ɗan lokaci domin neman abin kai ko neman sani tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. A Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, da zarar an kawar da amfanin gona, samari kan ɗauki ƙunshinsu su nufi Kano ko Kurmi, su yi 'yan watanni suna aikin ƙarfi ko ƙaramar sana'a, su komo kafin saukar ruwan shuka. Wannan shi ake kira cin rani. Da yawansu kan dawo da ɗan jari, wasu kuma har da Yarbanci ko Turancin Buroka a bakinsu. Wannan maƙala za ta ɗora tafiya Italiya domin koyon Italiyanci a kan ma'aunin cin rani, a ga ko zama da aiki a ƙasar da ake magana da harshe sun wadatar wajen iya shi.

Dalilin Neman Italiyanci

Hulɗar Bahaushe da mutanen Italiya ta daɗe. A 1911 Italiya ta mamaye Tarabulus, garin da fataken Kano suka daɗe suna ciniki da shi ta hamada. A 1941 sojojin Nijeriya, waɗanda Hausa ce harshen barikinsu, sun gwabza da rundunar Italiya a Somaliya da Habasha. Bayan samun mulkin kai, kamfanonin Italiya ne suka gina madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968, da ta Bakolori a shekarun 1970. Haka kuma Italiya tana daga cikin manyan masu sayen fatun awaki da tumaki da ake jemewa a Kano, kuma kasuwannin Jigawa suna daga cikin wuraren da ake tattaro waɗannan fatu.

Ta fuskar ilimi kuwa, jami'ar L'Orientale ta birnin Napoli, wadda asalinta ke komawa zuwa 1732, ta daɗe tana koyar da Hausa. A can ne Farfesa Sergio Baldi ya koyar, har ya wallafa ƙamusun Hausa da Italiyanci. Ke nan ɗalibin Hausa da ya iya Italiyanci yana da hanyar fassara da tafinta da koyarwa, ɗan kasuwa kuma ya huta da dogaro ga ɗan tsakiya.

Inda Harsunan Suka Yi Kama

Bahaushe yana shiga Italiyanci da wata riba wadda Baturen Ingila ba shi da ita. Na farko, yawancin kalmomin harsunan biyu da wasali suke ƙarewa. Na biyu, ɗaurin baƙi, wato shadda, yana bambanta ma'ana a kowannensu. Kamar yadda daba ta bambanta da dabba, haka sete (ƙishirwa) ta bambanta da sette (bakwai), nono (na tara) kuma ya bambanta da nonno (kaka namiji). Kunnen Bahaushe ya saba da wannan tun yana goye. Na uku, kowane suna yana da jinsi, namiji ko tamace, kuma galibin sunayen da suka ƙare da wasalin a tamata ne a harsunan biyu.

Sai dai a nan ne tarko yake, domin jinsin abu a Hausa ba ya bin sa zuwa Italiyanci. Gida da ruwa maza ne a nahawun Hausa, amma casa da acqua, masu ɗauke da ma'anarsu, tamata ne. Don haka wajibi ne a haddace kowane suna tare da jinsinsa.

Inda Suka Saɓa

Daidaitacciyar Hausa ba ta rarrabe p da f, ba ta kuma da v. A Italiyanci kuwa pila batir ne, fila layi ce. Bene na nufin lafiya lau, vene kuma jijiyoyi. Wata matsalar ita ce cunkoson baƙaƙe a farkon kalma, kamar strada (hanya), inda harshen Bahaushe kan so ya cusa wasali a tsakani, yadda ya mayar da kalmomin aro irin su burodi da firamare. Sannan inda Hausa ke amfani da karin sauti, Italiyanci da nauyin gaɓa yake aiki: papa mai nauyi a gaɓar farko Paparoma ne, papà mai nauyi a ta ƙarshe kuwa baba ne.

Babban aikin yana ga aikatau. A Hausa wakilin suna ne ke sauyawa, aikatau ya tsaya: ina magana, kana magana, yana magana. A Italiyanci ƙarshen aikatau ne ke nuna mai aiki da lokaci: parlo, parli, parla. Wannan tsari yana da rassa masu yawa, kuma da wuya a tsince su a bakin titi ba tare da malami ba. Haka nan girmamawa: yadda Bahaushe kan ce wa babba ku maimakon kai, haka ake ce wa baƙo ko babba Lei maimakon tu.

Darasin Zango

Duk wanda ya san unguwar Sabo ta Ibadan ko zangon Agege ya san ana iya shekara goma a ƙasar Yarbawa ba a iya Yarbanci ba sai na gaisuwa da ciniki. Dalili shi ne mutum yana kwana cikin Hausawa, ya ci abinci a wurin Bahaushiya, ya yi salla a bayan limami Bahaushe. Wanda ya iya kuwa, za a tarar sana'arsa ce ta cusa shi cikin 'yan gari.

Haka abin yake a Italiya. Baƙin Afirka masu tsinkar tumatir a karkarar Foggia, ko lemo a Rosarno, sukan zauna a bukkoki nesa da gari, 'yan kamasho ne tsakaninsu da mai gona. Zaluncin waɗannan 'yan kamasho ya kai ga majalisar ƙasar ta tsananta hukunci a kansu a 2016. Mai irin wannan aiki bai cika jin komai ba sai umarni da ƙidaya. Ɗan abin da zai ji ma sau da yawa karin harshen yankin ne, alhali daidaitaccen Italiyanci ya ginu ne a kan karin birnin Firenze, wanda mawaƙi Dante, da ya rasu a 1321, ya yi rubutu da shi. Ashe ke nan nau'in aiki da abokan zama su ne ke koyar da harshe, taka ƙasar kaɗai ba ta isa ba.

Hanyoyin da Doka ta Tanada

Hanya ta farko ita ce ta ɗalibta. Akwai jami'o'i da aka keɓe domin koya wa baƙi harshen, kamar ta Perugia, wadda ta fara darussa a 1921, da ta Siena. Su ne ke ba da takardun shaidar CELI da CILS bisa matakai shida, daga A1 zuwa C2. Doka ta yarda wa mai izinin karatu ya yi aikin da bai wuce awa 20 a mako ba. Wannan ba zai ɗauki nauyin karatu duka ba, shi ya sa ake neman shaidar abin ciyar da kai kafin a ba da biza, wadda ake nema ta ofishin jakadanci a Abuja ko Legas.

Hanya ta biyu ita ce ta aikin kaka, ƙarƙashin tsarin da ake kira decreto flussi. Mai ɗaukar aiki ne ke neman izini tun ma'aikaci yana gida, kuma wa'adin ba ya wuce wata 9. Wannan ita ta fi kama da cin rani. Mai bin ta zai iya shiga makarantun manya na gwamnati, waɗanda ake kira CPIA, inda ake koyar da baƙi harshen. Amma ana yawan damfarar mutane da takardun aiki na jabu, saboda haka tantancewa kafin biyan ko kwabo wajibi ne.

Ita kuwa hanyar Agadas da Sabha da teku ba ta cikin lissafin mai neman ilimi. A ranar 3 ga Oktoba, 2013, mutum fiye da 360 suka nutse a kusa da tsibirin Lampedusa. Wanda ya tsira ma, rashin takarda kan jefa shi cikin waɗancan bukkoki, inda harshen da ya zo nema ba ya kai wa gare shi.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa tafiyar koyon Italiyanci tana bukatar sharuɗɗa huɗu: takardun halal, makaranta, aikin da ke tilasta magana da 'yan ƙasa, da ranar komawa. Ya kamata a fara karatun tun a gida, ta littafi da intanet, har a kai matakin A2, domin watannin da za a yi a can su tafi a kan gogewa. Magabata sun ce tafiya mabuɗin ilimi, sun kuma ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mai cin rani na ƙwarai ya haɗa hikimar maganganun biyu, domin tun ranar fitarsa ya san cewa gonarsa tana jiransa kafin damina. Ɗan Dutse da ya je Perugia ya komo ya zama tafinta ko malami ko dillalin fatu, shi ne ya ci ribar tafiyarsa, jama'arsa ma suka amfana.