Kuɗin Shara: Ina Suke Shiga, Kuma Me Ya Shafe Mu?

'Yan'uwa, darasinmu na yau a kan shara ne, da kuɗin da gwamnatin jiha take warewa don kwashe ta.

Mun san a hadisi ingantacce an lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Malaman fiƙihu kuma sun ɗora kula da hanyoyi da kasuwanni a kan hukuma, domin abin da mutum ɗaya ba zai iya ba, baitul-mali ne yake ɗauka. Kai za ka iya share ƙofar gidanka, amma ba za ka iya sayen tifa ba.

A Kano hukumar REMASAB ce take da alhakin kwashe shara, kuma akwai tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata. To, sai jama'a su fito su yashe kwata, su tara a bakin titi. In mota ba ta zo ba, ruwan sama ɗaya ya mayar da komai inda aka ciro shi. Motar nan kuwa tana son mai, da gyara, da albashin direba da masu shara. Shi ya sa nake cewa a riƙa bambance kuɗin da aka rubuta a kasafi da kuɗin da aka saki. Na farko alƙawari ne kawai, na biyun shi ne yake tayar da mota.

Sai batun sake sarrafa shara. Ku lura da 'yan gwangwan, waɗanda wasu suke rainawa. Ƙarfe, dalma, gorar ruwa, ba sa kwana a bola, saboda akwai mai saye a kan sikeli. Amma baƙar leda fa? Ba ta da nauyi, sai ka cika buhu ba ka samu abin kirki ba, don haka ba mai ɗaukarta. Ita ce take toshe magudanar ruwa, sauro ya samu wurin hayayyafa, ita ce akuya take haɗiyewa ta kumbura cikinta. In an ƙona ta kuma, hayaƙin mu da 'ya'yanmu ne muke shaƙa.

A ganina nan ne kuɗin gwamnati ya fi amfani: a buɗe wuraren saye a unguwanni, a sa wa kilon leda farashi, a tallafa wa masu injin narkar da ita. Legas ta bi wata hanyar, a Janairun 2024 ta hana robar zuba abinci ta soso. Hani yana da kyau, sai dai yana buƙatar masu sa ido, su ma da kuɗi ake riƙe su.

Don Allah, idan ɗan majalisar jiharku ya zo ɗaurin aure ko ta'aziyya, bayan an gaisa ku tambaye shi cikin ladabi: nawa aka ware wa shara bana, nawa aka saki, kuma motoci nawa ne suke aiki? Wanda ya samu amsa ya turo mana, mu duba tare a darasi na gaba in sha Allahu.