Kaka Biyu: Hutu da Kula da Kai a Ƙarshen Shekara

Gabatarwa

Bahaushe ya kasa shekara zuwa manyan lokuta huɗu: bazara, damina, kaka da rani. A cikin rani ne ake samun hunturu, wato lokacin sanyi da hazo. Idan aka zo fassara sunayen lokutan shekara na Turai da Amurka ta Arewa, kalmar kaka ake ba lokacin nan da ke tsakanin zafi da tsananin sanyi, wanda yake kamawa daga Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba. Fassarar ta dace, domin a wuraren biyu lokaci ne na tattara amfanin gona. Sai dai abin da jiki yake ji a kakar Kano ko Damagaram daban yake da abin da yake ji a kakar Landan ko Shikago. A ƙasar Hausa hutu yakan zo da kansa bayan wahalar noma. A ƙasashen sanyi kuwa aiki ne yake ƙaruwa daidai lokacin da hasken rana yake raguwa, saboda haka tilas mutum ya nemi hutun, ya kuma tsara shi da kansa.

Kaka a ƙasar Hausa

Damina lokacin wahala ce ga manomi. Daga shuka sai noman firi, daga nan sai maimai, kullum yana duƙe a gona tun daga hantsi har la'asar. A watan Agusta, lokacin marka, rumbunan gidaje da yawa sun kusa zama wayam, ga kuma zazzaɓin cizon sauro. Saboda haka ranar da gero ya nuna har yara suka fara gasa tumu, kowa yakan san sauƙi ya ƙarato. Gero ake fara girbewa, sannan a ciri gyaɗa, a yi roron wake. Dawa ce take zuwa daga baya, wajen Nuwamba zuwa Disamba. Ana ɗaure hatsi dami-dami, a kai gida, a zuba a rumbu.

Da zarar amfani ya shiga gida, sai rayuwar ƙauye ta sake kama. A lokacin ne ake biyan bashin da aka ci da damina, a ɗinka sababbin tufafi, a ɗaura auren da aka daɗe ana jira. Samari da 'yanmata sukan shirya kalankuwa, bikin murnar ƙare aikin gona. 'Yan dambe, waɗanda asalinsu mahauta ne, sukan bi garuruwa tare da makaɗansu, haka ma 'yan kokawa. A Jamhuriyar Nijar kokawar ta bunƙasa har ta zama gasar ƙasa, wadda aka fara a Tawa a shekarar 1975, ana ba zakaranta takobi. Da dare kuma, musamman idan akwai farin wata, yara sukan taru a yi tatsuniya, manya su yi hira a ƙofar gida.

Abin lura a nan shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa da mutum yake yi shi kaɗai. Hutun kaka a cikin jama'a ake yin sa, a fili, jiki yana motsi. Harshen ma ya nuna haka. Idan mutum ya yi wani babban aiki ko hidimar biki, washegari 'yan'uwa sukan je yi masa ban gajiya. Idan aka tarar da shi zaune a ce masa, "Sannu da hutawa." Idan za a rabu a ce, "A huta gajiya." Ke nan gajiyar mutum ɗaya abu ce da jama'a suke tambayar labarinta.

Kaka a ƙasashen sanyi

A Kano tsawon yini bai cika sauyawa ba. Yinin da ya fi tsawo bai kai awa 13 ba, wanda ya fi gajarta kuma ya kusa awa 11 da rabi. A Landan kuwa yinin tsakiyar Yuni ya haura awa 16 da rabi, amma na wajen 21 ga Disamba bai kai awa 8 ba. Dare da rana sukan yi kusan daidai a ranar 22 ko 23 ga Satumba, kuma a makonnin da ke kewaye da wannan rana yinin Landan yana raguwa da kusan minti 4 kowace rana. Ban da wannan, a ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba akan mayar da agogo baya da awa 1 a Birtaniya, a yawancin jihohin Amurka kuma tun daga 2007 ana yin haka a ranar Lahadin farko ta Nuwamba. Daga nan rana takan koma faɗuwa kafin ƙarfe 5 na yamma a Landan, a Disamba ma kafin ƙarfe 4.

Itatuwa su ne suke fara nuna alama. Koren sinadarin da ke cikin ganye yakan lalace, sai rawaya da ruwan goro da ja su bayyana, daga baya ganyen ya kaɗe. Abin yana da ban sha'awa, har mutane sukan yi tafiya musamman zuwa jihohin arewa maso gabashin Amurka domin kallonsa. Amma daidai wannan lokaci ne jami'o'i suke buɗe sabuwar shekarar karatu. Ɗalibin da ya taso daga zangon Kumasi, ko Garwa, ko Njamena, yakan sauka ne a watan Satumba, bai gama sanin gari ba duhu ya fara rufe shi. Yakan shiga aji da safe gari bai gama wayewa ba, ya fito ya tarar magariba ta yi.

Abin da ƙarancin haske yake yi wa jiki

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani tsari da masana suke kira agogon jiki, wanda yake tsara lokacin barci da na farkawa. Hasken da yake shiga ido da safe shi ne yake saita wannan agogo. Idan duhu ya yi, jiki yakan saki sinadarin melatonin, mai sanar da shi cewa lokacin barci ya yi. Idan dare ya yi tsawo, safiya kuma ba haske, sai tsarin ya rikice, mutum ya riƙa tashi da nauyin jiki.

Ga mutane da yawa abin bai wuce 'yar kasala ba. Ga wasu kuwa yakan zama ciwo sosai. A shekarar 1984 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Norman Rosenthal, tare da abokan aikinsa a Cibiyar Nazarin Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasar Amurka, suka bayyana wani nau'in ciwon damuwa mai zuwa da kaka, ya tsananta da sanyi, ya lafa idan haske ya dawo. Shi kansa Rosenthal daga Afirka ta Kudu ya koma Amurka, kuma ya ji sauyin a jikinsa. Alamomin ciwon sun haɗa da yawan barci, mutuwar jiki, kwaɗayin kayan zaƙi da abinci mai sitaci, baƙin ciki ba dalili, da janye jiki daga mutane.

Matsala ta biyu ita ce ta bitamin D, wanda fata take haɗawa idan rana ta taɓa ta, kuma ƙashi da tsoka suke bukata. A Birtaniya, daga Oktoba zuwa Maris, ranar ba ta da ƙarfin da fata za ta yi wannan aiki. Baƙar fata kuma ta fi farar fata bukatar daɗewa a rana kafin ta haɗa adadin da ya isa. Shi ya sa a 2016 hukumomin lafiya na ƙasar suka shawarci jama'a su duba yiwuwar shan maikirogiram 10 na bitamin D kowace rana a lokacin kaka da sanyi, masu baƙar fata kuma duk tsawon shekara.

Hanyoyin kula da kai

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Abu na farko shi ne neman haske. Hasken waje, ko da gari ya yi lumshi, ya ninka na fitilar ɗaki sau da yawa. Tafiyar rabin awa da safe ko da tsakar rana, da zama kusa da taga lokacin karatu, suna taimaka wa agogon jiki. Akwai kuma fitila ta musamman mai tsananin haske da wasu suke zama a gabanta kimanin minti 30 da safe, amma mai ciwon ido ko mai shan wasu magunguna ya kamata ya tuntuɓi likita tukuna.

Na biyu shi ne tsayar da lokacin barci. Baligi yana bukatar awa 7 zuwa 9, kuma kwanciya da tashi a lokaci ɗaya kullum ya fi ramuwar barci ranar Asabar. Wanda ya kwanta da waya a hannu yana duba saƙonni har tsakar dare, jikinsa ne kawai a kwance, hankalinsa bai huta ba.

Na uku shi ne motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligai su yi aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, kamar tafiya da sauri ko hawan keke. Na huɗu shi ne abinci: kifi mai mai kamar sadin, da gwaiduwar ƙwai, da hanta, suna ɗauke da bitamin D, kaka kuma lokacin kabewa da tufa ne a waɗannan ƙasashe, ana samun su da araha. Na biyar shi ne tsare jiki daga sanyi. Na'urar ɗumama ɗaki tana busar da fata kamar yadda iskar hunturu take yi, kuma man kaɗanya ko basilin yana maganin wannan. Tufafi marasa nauyi hawa biyu ko uku sun fi riga ɗaya mai kauri riƙe ɗumi. A kaka ne kuma ake yin allurar rigakafin mura mai tsanani.

Hutu da kaɗaici

Wuri mafi haɗari shi ne inda mutum yake ɗaukar kaɗaici a matsayin hutu. Wanda sanyi da duhu suka kora ɗaki, ya rufe ƙofa, ya daina amsa gayyata, yana iya cewa hutawa yake yi, alhali ciwon ne yake ƙara samun wurin zama. A nan ne kakar ƙasar Hausa take da abin koyarwa. Zumunta a ƙafa take. Cin abinci tare da maƙwabta sau ɗaya a mako, zuwa taron 'yan gari, ko kiran gida a ranar da aka tsayar, su ne suke maye gurbin dandali da ƙofar gida. Tun da ba wanda zai zo ban gajiya da kansa, sai a sa masa rana kamar yadda ake sa wa lacca.

Akwai kuma wata al'ada da take bukatar lura. Idan aka ce wa Bahaushe, "Ina gajiya?" amsar ita ce, "Ba gajiya," ko da kuwa ya gaji liƙis. Wannan ladabin gaisuwa ne, kuma yana da kyau a wurinsa. Amma gaban likita ko amini ba wurin "lafiya lau" ba ne. Jiki magayi: idan baƙin ciki da mutuwar jiki suka wuce mako 2, suka hana karatu ko aiki, to lokacin ganin likita ya yi. Wanda kuma tunanin cutar da kansa ya zo masa, ya nemi taimako nan take, kada ya jira wayewar gari. Ciwon damuwa yana da magani, kuma faɗarsa ba abin kunya ba ne.

Kammalawa

Manomi ba ya jiran yunwa ta zo kafin ya cika rumbu. Haka ya kamata mazaunin ƙasar sanyi ya yi da watannin Satumba da Oktoba: ya tsayar da lokacin barcinsa, ya saba da fita neman haske, ya ƙulla zumunci tun kafin duhun Disamba ya iso. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma ɗalibin da bai kula da lafiyarsa a kaka ba, da wuya ƙarfinsa ya kai shi jarrabawar ƙarshen zango.

Ma'anar wasu kalmomi

Marka: lokacin da ruwan sama yake sauka ba ƙaƙƙautawa a tsakiyar damina.
Tumu: sabon kan gero da ake gasawa a ci.
Roro: tsinkar wake ɗaya bayan ɗaya a gona.
Dami: ƙunshin hatsi da aka ɗaure bayan girbi.
Ban gajiya: ziyara ko gaisuwa ga wanda ya gama wata hidima.
Lumshi: rufewar rana saboda gajimare.
Liƙis: kalmar da take ƙarfafa ma'anar gajiya.

Tambayoyi

1. A kawo bambanci biyu tsakanin kakar ƙasar Hausa da kakar ƙasashen sanyi.
2. Me ya sa aka ce hutun kaka a ƙasar Hausa na jama'a ne?
3. Don me aka shawarci masu baƙar fata a Birtaniya su sha bitamin D duk shekara?
4. A bayyana ma'anar "zumunta a ƙafa take" da "sai da ruwan ciki ake jan na rijiya", sannan a sa kowanne cikin jimla.
5. Kalmar kaka tana da wata ma'ana da ta shafi dangi. A rubuta jimla biyu da za su nuna ma'anonin biyu.
6. A rubuta sakin layi ɗaya a kan yadda ake hutawa bayan girbi ko bayan babban aiki a ƙasar da ɗalibi ya fito.