Shari'ar Gyaran Doka da Yaƙi da Azabtarwa a Sudan

Ƙara iri biyu ce. Akwai wadda mutum ke kaiwa don a share masa hawayensa shi kaɗai, akwai kuma wadda lauyoyi ke zaɓa da gangan don hukuncinta ya zama hujjar gyara doka. Da ta biyun masu yaƙi da azabtarwa suka yi aiki a Sudan.

Bayan juyin mulkin Umar al-Bashir a 1989, jami'an tsaro sun buɗe gidajen sirri a Kartum, inda ake gana wa tsararru azaba. Doka ta ba su kariya, ba a gurfanar da su sai shugabansu ya yarda. Dakta Faruk Muhammad Ibrahim na Jami'ar Kartum, wanda aka azabtar a shekarar, ya kai kuka har Kotun Tsarin Mulki, ba a saurare shi ba.

Idan kotun gida ta rufe ƙofa, akan nufi Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul. Sharuɗɗanta sun haɗa da fara bin kotunan gida da kuma kai ƙara kan lokaci. Jinkiri ne ya sa ta ƙi karɓar ƙarar Dakta Faruk a 2013.

Wasu kuwa sun dace. A Yunin 1999 an yi wa ɗalibai takwas na Jami'ar Ahliya ta Umdurman bulala 25 zuwa 40 saboda cuɗanyar maza da mata a wajen shan iska. A 2003 hukumar ta yanke cewa bulalar ta keta sashe na 5 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam. A 2014 ta sake kama Sudan da laifi kan tsare Monim Elgak da Osman Hummeida da Amir Suliman da gallaza musu a Kartum a 2008.

Hukumar ba ta da ikon tilasta gwamnati, amma hukuncinta yakan zauna a rubuce har ranar da dama ta samu. Bayan faɗuwar al-Bashir, wata kotu a Umdurman ta yanke wa jami'an leƙen asiri 29 hukuncin kisa a Disambar 2019 kan mutuwar malamin makaranta Ahmad al-Khair. A 2020 aka janye kariyar da doka ta ba jami'an leƙen asiri, a 2021 Sudan ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa.

Sojoji sun maido da kariyar bayan juyin mulkin Oktoban 2021. Don haka wajibi ne wanda aka azabtar ya adana takardar likita da sunayen shaidu da ranar da aka kama shi, ya kuma nemi lauya da wuri.