Yadda Ake Gwajin ER a Sankarar Mama, Daga Daura Zuwa Ɗakin Bincike

A tsakiyar kowace ƙwayar halitta akwai ƙwayoyin gado masu ɗauke da umarnin yadda za ta rayu da lokacin da za ta hayayyafa. Umarnin nan ba ya aiki da kansa, sai wasu furotin sun zauna a kansa sun kunna shi ko sun kashe shi. Ɗaya daga cikinsu shi ne makarɓin istirojin, wanda likitoci ke rubutawa ER a takardar sakamako. Idan sinadarin istirojin na jikin mace ya kama shi, sai ya manne da ƙwayoyin gado ya ba da umarnin hayayyafa. A lafiyayyen nono aikinsa ke nan. A sankarar mama mai ER kuwa, ta wannan hanya ƙarin yake samun ƙarfin girma. Elwood Jensen na Jami'ar Chicago ne ya gano wannan furotin a 1958. Yau shi ne alamar da ake fara nema a ƙarin nono, kuma shi magani yake hara.

Mace daga Baure, Zango, Mai'aduwa ko Sandamu da ta ji kulluto a nono takan fara da asibitin kusa, daga nan a tura ta Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Daura ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Likita zai duba, a ɗauki hoto, sannan a ɗebo ɗan naman wurin. Ana yin allurar kashe zafi, a soka wata allura mai kogo, a zaro 'yan siraran nama kamar tsinken ashana. Ana yawan cewa taɓa daji da ƙarfe yana sa shi bazuwa, kuma wannan tsoro yana hana mata da dama yarda. Allurar ba ta yaɗa cutar. Jinkiri ne ke ba ta lokacin yaɗuwa.

Mataki na gaba shi ne mafi sauƙi a ido, kuma a nan aka fi yin asara. Da zarar nama ya rabu da jini sai ya fara lalacewa, furotin ɗin da ake nema yana narkewa tare da shi. Ƙa'ida ita ce a jefa shi cikin ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 kafin awa 1 ta cika, ruwan kuma ya ninka girman naman aƙalla sau 10. Fomalin a hankali yake ratsa nama, don haka idan nono gaba ɗaya aka cire a tiyata, dole a tsattsaga shi domin ruwan ya kai ciki. Zai zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72, ba ƙasa ba kuma ba sama ba. A zafin bazara na ƙasar Daura, naman da aka bari a faranti har a gama tiyata, ko aka cusa a ƙaramar kwalba da ɗan ruwa kaɗan, ko ya kwana 7 a gida ana haɗa kuɗin mota zuwa Kano, zai isa ɗakin bincike da kamanninsa amma babu alamar a cikinsa. Shi ya sa ake rubuta lokacin cirewa da lokacin sawa a fomalin a jikin takardar da ke rakiyar kwalbar.

A ɗakin binciken nama, irin na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ana tsane ruwan naman da sinadarai, a binne shi cikin narkakken kaki, a bari ya daskare. Wata na'ura mai kaifi takan fere shi sala-sala, kaurin kowane bai wuce maikiron 4 ko 5 ba, a shimfiɗa a kan gilashi. Rinin farko yana nuna ko sankara ce da kuma irinta.

Idan ta tabbata, sai a yi rini na biyu domin ER. Ana wanke kakin, a dafa gilashin cikin wani ruwa domin furotin da fomalin ya ƙulle ya sake bayyana. Sai a ɗiga sinadarin garkuwa wanda ba ya kama komai sai ER, a bi shi da wani da ke barin launin ƙasa-ƙasa duk inda na farko ya manne. A ƙarƙashin madubin likita, ƙwayar da ke da ER tsakiyarta takan fito ƙasa-ƙasa, wadda ba ta da shi ta tsaya shuɗiya. Idan kashi 1 cikin 100 ko fiye suka ɗauki launi, sakamakon ya nuna akwai ER. Ƙwararren likita ba ya rubuta babu sai ya duba lafiyayyun hanyoyin nono da ke gefen ƙarin. Su kullum suna da ɗan ER. In su ma ba su ɗauki launi ba, naman ne ya lalace ko rinin ne bai kama ba. A lokaci guda ake duba wasu alamomi biyu, PR da HER2.

Sakamakon ne ke zaɓar magani. Mai ER akan ba ta Tamoxifen, ƙwaya mai miligiram 20 kullum, na shekara 5 zuwa 10. Maganin yana riga istirojin zama a kan makarɓin, umarnin hayayyafa ya tsaya. An amince da shi a Ingila a 1973, kuma shan sa na shekara 5 yana rage mace-mace daga cutar da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wadda al'ada ta ɗauke mata ana iya ba ta Letrozole ko Anastrozole, masu hana jiki samar da istirojin. Idan alamomin uku duka babu, wannan shi ne nau'in da ya fi saurin yaɗuwa, kuma Tamoxifen ba ya yi masa komai. Sai tiyata da ƙarin ruwan maganin daji da gashi.

An daɗe ana cewa wannan mugun nau'i ya yi yawa a matan Afirka ta Yamma. Binciken da aka wallafa a 2009 kan mata 507 daga Nijeriya da Senegal ya sami ER a kashi 24 cikin 100 kawai. Amma wani da aka yi a Ibadan a 2008, inda aka kula da adana nama tun daga farko, ya same shi a kusan kashi biyu cikin uku. Gado yana da nasa rabon a wannan bambanci, kwalbar fomalin ma tana da nata. Duk sakamakon da ya ce babu alhali akwai, ya raba mace da magani mai araha da take iya sha a ɗakinta. Don haka ma'aikatan tiyata su tanadi fomalin kafin su taɓa wuƙa, dangin da aka damƙa wa kwalba kuma su kai ta ɗakin bincike a ranar ko washegari.