Ranar da Aka Cire wa Fijo 504 Kwantak

Duk wanda yake biyowa ta bayan makaranta da safe a lokacin sanyin da ya wuce, ya sha ganin wasu daga cikinmu suna tura wata farar Fijo 504 mai dogon baya. Motar mahaifin ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyarmu ce. Da ita yake kai fasinja kasuwannin ƙauye, da ita ake cefane a gidansu, da ita ake sayen littafi da yunifom. Ranar da ta ƙi tashi da wuri, wasu motocin ne suke kwashe fasinjan, shi kuwa Baba ya wuni a gareji. Mu ma mun sha makara saboda ita, amma wannan wata magana ce daban.

Da muka ji Baba zai kai ta a canza mata wuta, sai Malamin Fasaha ya nema mana izini. Mu biyar muka je garejin ranar Asabar da littafi da biro. Ga abin da muka koyo.

Ita 504 a Faransa aka fara ƙera ta, a shekarar 1968. Bayan an buɗe masana'antar Peugeot ta Kaduna a 1975, an yi shekaru masu yawa ana harhaɗa ta a nan gida. Shi ya sa tsofaffin kanikawa suka san ta kamar yunwar cikinsu.

Kafin a gane abin da aka canza, sai an gane aikin wuta a mota. A cikin inji, fistan yana sauka ya jawo fetur da iska, ya hau ya matse su, sai filogi ya ba da tartsatsi su kama wuta su tura fistan ƙasa da ƙarfi, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. To amma batirin mota bolt 12 ne kawai, kuma wannan ba zai iya tsallake ɗan gibin da ke bakin filogi ba. Ana bukatar kusan bolt 20,000. Mai yin wannan aiki shi ne kwayil, wannan gwangwanin da ke maƙale a gefen inji. A cikinsa akwai naɗin waya iri biyu: mai kauri da ba ta da zagaye da yawa, da siririya mai dubban zagaye. Idan wutar batir tana bi ta mai kaurin, ƙarfin maganaɗisu yana taruwa. Idan aka katse wutar farat ɗaya, ƙarfin nan sai ya rushe, rushewar tasa kuma ita ce take haifar da babbar wuta a siririyar wayar. Malam ya tuna mana cewa Michael Faraday na Ingila ne ya gano wannan dangantaka ta maganaɗisu da lantarki a 1831.

A nan ne muka yi mamaki. Mun ɗauka lokacin da aka haɗa wuta ake samun tartsatsi, ashe lokacin da aka yanke ta ne.

To wa yake yankewa? Kwantak. Wasu 'yan ƙarafa ne biyu a cikin distiributa masu buɗewa da rufewa kamar baki. A tsakiyar distiributa akwai sanda mai tudu huɗu, ɗaya domin kowace silinda. Tana juyawa, kowane tudu sai ya ture dunduniyar kwantak ya buɗe shi. Daga nan rota ta miƙa wutar ga filogin da layi ya zo kansa, wato 1, 3, 4, 2. Akwai kuma kwandansa, ɗan mulmulallen ƙarfe mai waya ɗaya, wanda yake rage tartsatsin da ke cin bakin kwantak. Wannan tsari na Charles Kettering ne, Ba'amurke, kuma tun 1910 aka fara sa shi a motar Cadillac.

Yanzu ku ɗauko biro mu yi lissafi. Kowace silinda tana kama wuta sau ɗaya a juyi biyu na inji. Idan inji mai silinda huɗu yana juyi 3,000 a minti ɗaya, ka raba 3,000 gida 2, ka sami 1,500, ka ninka da 4, ya zama 6,000. Wato kwantak yana buɗewa sau 6,000 a minti ɗaya, sau 100 a daƙiƙa ɗaya. Tafiyar awa guda ta zama sau 360,000. Ƙofar ajinmu ma da ake buɗewa sau 'yan kaɗan a rana ta karye, balle wannan.

Abu biyu ne suke cin kwantak. Bakinsa yana ƙonewa ya yi rami-rami, dunduniyarsa kuma tana cinyewa saboda gugar sanda. Gibin da ake bari wajen milimita 0.4 ne kacal. Idan dunduniya ta ci, gibin ya ragu, tartsatsi ya riƙa zuwa a makare kuma ba ƙarfi. Sai mota ta ƙi tashi da sanyin safiya, ta riƙa shan mai, ta rasa ƙarfi a kan tudu. Ciwon motar Baba ke nan.

Sabon abin da aka sa mata, Oga mai garejin yana kiransa modul. Bai kai kwalin ashana ba, yana da waya biyu, ja da baƙa, kuma yana zuwa da wani baƙin zobe mai ƙananan maganaɗisu huɗu a ciki. Ana zura zoben a kan sandar nan mai tudu. Duk sa'ad da maganaɗisu ɗaya ya gifta ta gaban modul, wata 'yar na'ura da ke ciki tana jin giftawarsa, sai ta sa tiransista ta yanke wutar kwayil. Aikin kwantak ke nan sak, sai dai babu abin da yake taɓa wani, saboda haka babu abin da zai cinye. Edwin Hall ne ya gano dabarar da wannan na'ura take aiki da ita a 1879, yana ɗalibin jami'a a Amurka. Ita kanta irin wannan wuta ba sabuwa ba ce: a 1973 kamfanin Chrysler ya riga ya sa wuta marar kwantak a duk motocin da yake ƙerawa a Amurka.

Aikin bai ɗauki lokaci ba. Oga ya fara cire kan batir. Ya buɗe hular distiributa, ya yi alama da fenti inda rota take kallo, ya zare ta, ya kwance kwantak da kwandansa. Sai ya kama sandar ya girgiza. Muka ce, "Oga, me kake dubawa?" Ya ce, "Ku duba nan, yara. In sandar nan tana rawa, ko modul na zinariya ka sa, kuɗinka ka zubar." Ta Baba ba ta rawa. Ya goge farantin, ya ɗaure modul a gurbin kwantak, ya zura zobe, ya auna tsakaninsu da wata 'yar roba da ta zo a cikin kwalin. Wayoyin kuma bai ja su sun yi tsauri ba, domin farantin yana ɗan motsawa idan an taka totur.

Wurin da ya fi yin a hankali shi ne wajen haɗa waya. Ja tana zuwa gefen kwayil mai alamar tarawa, baƙa gefen mai alamar ɗebewa. In aka juya su, modul zai iya ƙonewa nan take. Ya kuma auna kwayil da mita, domin takardar da ke cikin kwalin ta ce kada ya gaza om 3. Kwayil da bai kai haka ba yana jan wuta fiye da ƙarfin modul. Ya gargaɗi Baba kada ya riƙa barin makulli a kunne inji yana kashe, wai don jin rediyo, saboda hakan yana dafa kwayil da modul.

Da aka murza makulli, motar ta tashi, amma tana kakkarwa tana tari. Gabanmu ya faɗi, musamman ɗan mai motar, wanda ya san yadda aka tara kuɗin. Oga ko a jikinsa. Ya ce taimin ne, dole a sake saita shi bayan irin wannan canji. Ya maƙala fitilar taimin a wayar filogi na ɗaya, ya haska fuli, ya riƙa juya jikin distiributa kaɗan-kaɗan har alamu biyu suka haɗu. Muna tsaye muka ji ƙarar injin ta daidaita.

Ba kowa ne ya yarda da aikin ba. Wani dattijon bakanike da ke zaune a kan benci ya ce wa Baba, "Alhaji, kwantak yana yi maka sallama kafin ya mutu. Ko a daji ne ka goge bakinsa da sanfefa ka kai gida. Wannan kuwa ranar da zafi ya kashe shi, babu sallama, babu gyara." Oga ya ce gaskiya ne, amma kwantak kullum cikin saiti yake, wannan kuwa an gama ke nan. Mu dai muna ganin duk su biyun suna da hujja, kuma mai bin hanyar ƙauye ya fi kowa bukatar jin maganar dattijon. Baba ma ya ji. Ya naɗe tsohon kwantak da kwandansa da sukurorinsu a leda, ya jefa a aljihun mota.

Kada wani ya ɗauka motar ta koma sabuwa. Modul bai gyara kafireta ba, bai hana ƙofar baya buɗewa da igiya ba, filogi da wayoyinsa ma sai an ci gaba da duba su. Abin da muka shaida shi ne mako uku ke nan ba a kira mu turi ba.

Oga ya ba mu wani cinyayyen kwantak, mun ajiye shi wurin Malamin Fasaha ga mai son ganin ramin da wuta ta yi a bakinsa. Ga kuma tambayar wannan mako: inji mai silinda shida yana juyi 2,500 a minti ɗaya, sau nawa kwantak ɗinsa zai buɗe a cikin minti goma? A rubuta amsa da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiya kafin tashi ranar Alhamis.