Kalmomin Ingilishi Masu Kwaikwayon Ƙarar Bugu

Idan Bahaushe ya ce buhun gero ya faɗi tim, ko an mari yaro tas, ko an rufe ƙofa garam, mai sauraro ya san irin ƙarar da aka yi ko da ba ya wurin. Malaman harshe suna kiran waɗannan kalmomi amsa-kama. Ingilishi ma yana da irinsu, sai dai akwai bambanci guda. Hausa takan ajiye su bayan aikatau, shi kuwa Ingilishi yakan mai da su aikatau ko suna, watau kalma ɗaya ta ɗauki aikin da ƙararsa gaba ɗaya.

Ga biyar da ya kamata a sani:

1. Thud: faɗuwar abu mai nauyi wanda bai fashe ba, kamar buhun wake daga kan babbar mota a Kasuwar Monday ta Maiduguri. Shi ne tim namu.
2. Bang: ƙara ɗaya mai firgitarwa, kamar ta fashewar taya ko harbin bindiga.
3. Slam: rufe ƙofa da ƙarfi, sau da yawa cikin fushi.
4. Smash: bugun da ya farfasa abu, kamar gilashi ko tulu.
5. Crash: karo mai ƙarfi tare da ɓarna. Da ita jaridu ke ba da labarin haɗarin mota da faɗuwar jirgin sama.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan wasan yara ne. A Maiduguri jama'a suna harkarsu da Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa, amma bayanin da ake rubutawa a ofishin 'yan sanda da Babbar Kotu da Ingilishi ne. A ce an yi haɗari a hanyar Damaturu, mai shaida ya ce ya ji taya ta fashe kafin karon. Idan tafinta ya ce bang sa'an nan crash, alƙali ya gane abin da ya riga wani. Idan kuwa ya haɗe su ya ce crash kawai, batun tayar ya ɓace, laifi kuma yana iya komawa kan direba.

Saboda haka lalle ne kowa ya nemi a karanta masa bayaninsa, a fassara masa, kafin ya sa hannu ko ya dangwala.

Aikin yi: Wace kalma ta dace da tulun da ya faɗi ya tarwatse? Wace ce ta dace da ƙyauren da iska ta buga?