Ganuwar Turunku da Kufena: Gargaɗi Ga Mutanen Doka

Jama'a, da yawa daga cikinmu mazauna Doka muna bin hanyar Zariya safe da yamma, amma ba mu san tsohon mazaunin sarautar Zazzau yana nan kusa da mu ba. Turunku ke nan, cikin ƙaramar hukumar Igabi. Masana tarihi sun sa sarautar Bakwa Turunku wajen shekarar 1536, kuma daga wannan gida ne Sarauniya Amina ta fito. Tarihin baka ya ce ƙarancin ruwa ne ya sa aka tashi daga Turunku aka koma Kufena, gindin dutsen nan da ke yamma da birnin Zariya.

To, me ya sa mutanen dā suke neman gindin dutse? Domin tsaro ne. Daga bisa dutse ake hango ƙurar mahara tun suna nesa. Ganuwar kuwa ba gidaje kaɗai take kewayewa ba, har da gonaki da makiyaya, yadda ko abokan gaba sun yi wa gari zobe, yunwa ba za ta ci mutane da wuri ba. Da hannu aka yi wannan aiki, da kwando da fartanya. A 1959 gwamnati ta sa Kufena cikin wuraren tarihi da doka ta kare.

Yau ba mahara ke cin ganuwa ba, mu ne. Wani ya ɗebi ƙasarta ya buga bulo, wani ya baje ta ya ƙara gona, masu fasa dutse kuma suna nasu. Amma ɓarnar da ta fi muni ita ce ta masu tono a ɓoye don sayarwa, kamar yadda aka yi ta yi wa mutum-mutumin ƙasa na Nok a kudancin jiharmu, waɗanda wasunsu sun girmi daular Rum. Wanda ya ciro tukunya daga rami yana ganin bai ɓata komai ba, tun da ga tukunyar lafiya lau. Ina! Gawayin da ke kwance gefenta shi ne masana ke aunawa su gane shekarunta, zurfin ramin kuma shi ke nuna wa ya riga wa zama. Da zarar an hargitsa ƙasar, wannan labari ya tafi ke nan.

Dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta haramta ciniki da irin waɗannan kaya, da tono ba da izini ba. Saboda haka manomi ko magini, in ka ci karo da tsohuwar tukunya, ko kashin maƙera, ko tushen gini, dakata da aiki. Kada ka wanke, kada ka ɗauke. Sanar da mai unguwa, sa'an nan a kai labari gidan tarihi da ke kan titin Ali Akilu.

Malaman makaranta kuma, don Allah ku kai yara su ga Turunku da idonsu.